Dutsen Godiya Ga Masu Sayen Tambur

A tsakiyar wani ɗan gari mai suna Mount Gilead, cikin jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, akwai wani dogon ginshiƙin dutse mai tsini da aka kafa a watan Disamba na 1919. Baƙon da ya hango shi daga nesa zai ɗauka irin ginshiƙan nan ne da kowace ƙasa ke kafawa don tunawa da sojojinta da suka kwanta dama a fagen daga. Dalilin kawo shi garin kuwa daban ne. Tukuici ne aka ba mutanen gundumar Morrow, manoma da ƴan tireda da matan gida da ƴan lakwal, domin in aka raba bisa yawan kai, sun fi kowace gunduma ta jihar zuba kuɗi cikin asusun yaƙin duniya na ɗaya. Wanda ya yi jawabi ranar bukin, Sanata Warren Harding, haifaffen gundumar ne, kuma shi ne ya zama shugaban ƙasar a 1921.

Abin da talakawan nan suka riƙa saye ɗan abu ne da bai fi tambur ɗin da muke liƙawa a bayan wasiƙa ba, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira kan sarki. Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu na 1917, kafin shekarar ta ƙare kuma baitulmalinta ya fito da wata dabara saboda mai ƙaramin ƙarfi da ba ya iya sayen babbar takardar rance. Mutum ya je gidan waya ko banki ya ba da santi 25, wato kashi ɗaya cikin huɗu na dalar Amurka, a ba shi tambur guda ya manna a kati. In ya cika gurbi 16, ya ɗora ƴan santi a kai, sai a musanya masa katin da babban tambur wanda hukuma ta yi alkawarin fansa a kan dala 5 ranar 1 ga Janairu na 1923. A Janairun 1918 kuɗin babban tambur ɗin dala 4 ne da santi 12. Ke nan duk wanda ya yi haƙurin shekara biyar, ribarsa santi 88.

Mutanen Ingila sun fi haka nisa. A ƙarshen 1917 suka ajiye tankar yaƙi a dandalin Trafalgar na birnin Landan, aka maida ta kamar rumfar banki, ana sayar da takardun rance daga cikinta. Da abin ya karɓu sai aka riƙa yawo da tankoki gari-gari. Bayan an gama yaƙi, a 1919, kwamitin ajiya na ƙasa ya rarraba tsofaffin tankoki sama da 260 ga garuruwan da suka yi ƙoƙari, kowane gari ya girke tasa a fili don na baya su gani. Kusan dukansu an farfasa su an sayar a matsayin ƙarfe. Ta garin Ashford ce ta tsira har yau, ita ma don an daɗe ana amfani da cikinta a matsayin ɗakin rarraba wutar lantarki. A yaƙi na biyu suka sake salo: makon jiragen ruwa a 1941 da 1942, makon jiragen sama a 1943, makon soja a 1944. A yanka wa gari adadin da zai tara cikin kwana bakwai, yara su kawo sisi-sisi su sayi tambur, in an cimma adadin sai ma'aikatar da abin ya shafa ta aiko da allon godiya. Har gobe irin allunan nan suna rataye a zaurukan garuruwa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar.

To, mai karatu, ga tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami. Me dutsen nan da allunan nan ke yabo? Kuma wanda ake yabon, ya cancanci yabo?

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Mun san maroƙi, wanda in ka ba makaɗi jaka ɗaya zai ɗaga ta sama ya ambaci sunanka da na mahaifinka da adadin abin da ka bayar, don wanda ke kusa da kai ya ji kunya ya ba da jaka biyu. Ginshiƙin Mount Gilead maroƙi ne da aka sassaƙa da dutse, wanda muryarsa ba ta dushewa. Mun kuma yarda cewa yaba kyauta tukuici ne. Sai dai harshenmu yana da tsantseni wajen kalmomin bayarwa, kuma kowane malamin Hausa ya taɓa tsayawa a kan wannan a aji. Kyauta daban, aro daban, rance daban. Abin aro shi kansa ake maidowa, kamar jaki ko galma. Rance kuwa madadinsa ake biya. Kyauta ce kaɗai ke tafiya ba ta komowa. Mutanen Morrow rance suka ba hukumarsu, rance mai ruwa, wanda ƙasa mafi dukiya a lokacin ta tsaya a bayansa. Maƙwabcinsu da ya aika ɗansa Faransa bai karɓi kati ba, ba a kuma faɗa masa ranar da za a maido masa yaron da riba ba. Mai tsananin ra'ayi zai ce sa waɗannan mutum biyu a ƙarƙashin irin dutse ɗaya cin fuska ne ga mamaci.

Wannan suka tana da ƙarfi, amma ina ganin ta yi gaggawa. Da farko dai ribar da ke rubuce a takarda sau da yawa ba ta isa aljihu ba. Faransa ta ci manyan rance huɗu daga ƴaƴanta tsakanin 1915 da 1918, ta kuma roƙe su su kawo zinariyar da suka ɓoye a gida su karɓi kuɗin takarda da wata shaidar godiya daga babban banki. Sun kawo. A 1928, lokacin da Poincaré ya tsaida darajar faran, an tsaida ta ne a kan kashi ɗaya cikin biyar na abin da take kafin yaƙi. Tsohuwar da ta kai zinariyar gadonta an biya ta da lamba cikakkiya, amma abin da lambar ke saye a kasuwa ya zube. Na Jamus ya fi muni: rance tara aka ci, wajen mark miliyar 98, sai hauhawar farashin 1923 ta maida takardun abin hura wuta. Wanda ya ba ƙasa mai yaƙi rance bai san ko za ta kai gobe ba, balle kuɗinta.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi, wanda masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Keynes, ya fayyace a ɗan littafin da ya fitar a 1940 kan yadda za a biya kuɗin yaƙi. Hukumar da ke buga kuɗi da kanta ba sisin yaro take jira ba kafin ta ƙera jirgi. Jiragen ruwan da aka ce garuruwa sun saya, galibinsu suna kan teku ko suna hannun maƙera tun kafin a fara tara kuɗin. Abin da ya yi ƙaranci a ƙasa mai yaƙi shi ne ƙarfe, da auduga, da sukari, da hannun ma'aikaci. Albashi yana ƙaruwa domin masana'antu na aiki dare da rana, kayan da za a saya kuwa suna raguwa domin soja ya kwashe. In kowa ya fito kasuwa da kuɗinsa, farashi zai haukace, kuma talaka zai fara faɗuwa. Saboda haka ainihin abin da ake nema wurin mai sayen tambur shi ne ya janye hannunsa daga kasuwa. Takalmin da bai saya ba shi ne fatar da ta tafi ƙafar soja. Labarin cewa garin kaza ya sayi jirgi kaza tatsuniya ce da aka shirya don mutane su ga abin da suke wa wahala da idonsu, tunda babu mai sassaƙan da ya iya sassaƙa rigar da ba a ɗinka ba.

In haka ne, abin da dutsen ke yabo haƙuri ne, irin na matar da ta rage cefane mako bayan mako har shekara huɗu, ba tare da kowa ya buga mata tambari ba. A nan kam ina tare da masu kafa dutsen. Duwatsun tunawa na duniya kusan dukansu na masu takobi ne, alhali kowane yaƙi a madafa ake fara jin sa. Hukumar da ta tsaya ta ce wa farar hula na gode ta faɗi wata gaskiya da littattafan tarihin da muke koyarwa ba su cika faɗi ba.

Sai dai maroƙi ba ya auna haƙuri, adadi yake faɗa. A Janairun 1918 birnin Glasgow ya tara fiye da fam miliyon 14 cikin mako guda a gindin tanka, kuma kowa ya san kaso mai tsoka na irin waɗannan lambobi daga bankuna da kamfanonin inshora da manyan attajirai ya fito, waɗanda da ma za su sayi takardun, suka dai jira makon gasa don sunan garinsu ya fito. Attajirin da ya ɗauke dukiyarsa daga wannan akwati zuwa wancan bai rage ko loma ɗaya ba. Mun san labarin yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, yadda Sayyidina Usmanu ya ɗauki nauyin wani babban ɓangare na rundunar, da yadda wani talaka ya kawo ɗan awon dabinon da ya samu da ƙwadagon dare, munafukai suka yi masa dariya, aka kuma tsawata musu. Ma'aunin da aka auna dabinon nan da shi babu gwamnatin da ta mallake shi. Ita dai tarawa ta iya, da rabawa bisa yawan kai. Gundumar da ke maƙwabtaka da Morrow, wadda wataƙila damina ba ta yi mata kyau ba, tana iya fin su wahala kan kowane santi, amma dandalinta wayam yake.

Matsala ta biyu ta fi damuna. Godiya ba ta da ma'ana sai ga wanda yake da ikon ya ƙi. Ba a gode wa wanda aka tare a hanya don ya miƙa jakarsa. To shin mutanen Amurka na 1918 suna da ikon ƙi? A bisa doka, e. A zahiri kuwa, a yankuna da dama kwamitocin gari sun riƙa yanka wa kowane magidanci abin da ya kamata ya saya gwargwadon gonarsa, wanda ya noƙe a fallasa sunansa, ko a wayi gari an shafe ƙofar gidansa da rawayan fenti, launin da suke danganta wa matsoraci. Abin ya fi faɗa wa masu asalin Jamus da mabiya ɗarikun Kirista da addininsu ya hana su taimakon kowane yaƙi. Ranar 11 ga Nuwamba na 1918, ranar da aka tsagaita wuta, taron jama'a a garin Burrton na jihar Kansas suka jawo wani manomi ɗan ɗarikar Mennonite mai suna John Schrag, wanda ya ƙi sayen takardun rancen yaƙi, suka shafe shi da fenti, har aka kawo igiya. Wani jami'in tsaro ne ya cece shi ta hanyar kulle shi a kurkuku. Ban ce an yi haka a Morrow ba. Abin da nake cewa shi ne, duk inda aka maida bayarwa gasa tsakanin garuruwa, wanda bai bayar ba ya zama mai jawo wa garinsu abin kunya, kuma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Dutsen ba ya iya rarrabe tambur ɗin da aka saya don ƙauna da wanda aka saya don tsoron fenti. Dukansu santi 25 ne.

Yanzu bari mu juya dutsen mu ga bayansa. Wanda ya yarda a yabe shi da cewa kuɗinsa ne suka ƙera jirgi, ya yarda ke nan yana da hannu a abin da jirgin ya aikata. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A watan Maris na 1943, cikin makon jiragen sama, an girke babban jirgin kai farmaki samfurin Lancaster a dandalin Trafalgar, aka ajiye kwankon bamabamai a kusa, jama'a har da yara suna sayen tambur suna liƙa wa bam ɗin, bisa alkawarin za a kai shi Jamus. A lura da kyau: tambur ɗin da aka liƙa wa bam ba a fansarsa. Wannan ce kyauta tsantsa, babu ruwa babu riba, irin wadda mai tsananin ra'ayin nan ya ce ita kaɗai ta cancanci yabo. Ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. Wata huɗu bayan haka, a Yulin 1943, farmakin da aka kai wa birnin Hamburg ya kashe wajen mutum dubu 40, mafi yawansu farar hula, cikinsu da matan da su ma suke rage cefane don tasu ƙasar.

Kada a fahimce ni a karkace. Yaƙi da mulkin Hitler yaƙi ne da ya zama wajibi, kuma da mutanen Ingila sun riƙe sisinsu da duniya ta fi haka baƙi. Amma halin kirkin da ake yabo, wato haƙuri da tsimi da amsa kiran ƙasa, ba shi da ido. Malamin lakwal na Berlin da ya jagoranci ajinsa a 1915 zuwa gaban ƙaton gunkin katako na Hindenburg, kowane yaro ya biya kuɗi ya buga ƙusa don taimakon iyalan sojoji, bai gaza malamin Ohayo kishin ƙasa ba. Gunkin nan an kwance shi bayan an sha kashi. Ginshiƙin Ohayo yana tsaye. Abin da ya raba su sakamakon yaƙi ne, kuma babu yaron da ya zaɓi ɓangaren da aka haife shi. Wannan ya kamata ya tsaya wa duk mai riƙe da alli a rai, domin a ƙasashen nan duka ta hannun malami aka isa ga aljihun uba. Malami ne ke raba kati, shi ke rubuta sunan wanda ya cika nasa a saman allo, shi ne kuma yaron da ubansa ba shi da ko kwabo ke sunkuyar da kai a gabansa ranar Litinin.

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram zai ce: mu ina ruwanmu da duwatsun Nasara? Ruwanmu shi ne yaƙoƙin nan biyu har da kakanninmu aka biya kuɗinsu, kuma hanyar da aka bi da su tana haska abin da tambur yake nufi. A yaƙi na ɗaya, ƙwace raƙuma da hukumar mallaka ta riƙa yi a Azbin don sufurin soja yana cikin abubuwan da suka hura wutar boren Kawusan, wanda ya kewaye barikin Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. A yaƙi na biyu, musamman bayan Afirka ta Yamma ta Faransa ta koma ɓangaren ƙawance a Nuwamban 1942, aka shigo da abin da takardun hukuma ke kira «effort de guerre». Kumandan ya yanka wa sarki, sarki ya yanka wa mai gari, mai gari ya bi gida-gida: hatsi kaza, gyaɗa kaza, bisashe kaza, samari kaza na aikin dole, bayan lanho da ake biya kowace shekara. Inda aka biya kuɗi, farashin da mai karɓa ya ga dama ne. Mutane da yawa sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi don gudun wannan nauyi. Aikin dole bai faɗi a doka ba sai ranar 11 ga Afrilu na 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Can ƙetaren ma ba a tsira ba, salon ne ya bambanta. Tun a yaƙi na ɗaya sarakunan Arewa suka ba Ingila gudunmuwa daga baitulmalin gargajiya, wato daga harajin talakawa da jangalin Fulani. A na biyu aka yi ta tara kuɗin sayen jirage, har wata runduna ta sojan saman Ingila, mai lamba 91, ta ɗauki sunan Nijeriya. An rubuta sunan ƙasa a jikin runduna, an gode wa sarakuna a takarda. Manomin da kwabonsa ya bi ta hannun dagaci, shi ba a tambaye shi ba.

A nan ne nake ganin ainihin darajar ɗan tambur ɗin nan, duk da abin da na faɗa a kansa. Hukumar da ta sayar maka da tambur ta amsa abu uku a gabanka ko ba ta furta ba: cewa kuɗin naka ne, cewa sai da yardarka za ta taɓa su, cewa kuma daga yau ita ce mai bashi a wuya, kai ne mai bi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba kullum sarki ke yarda talaka na bin sa ba. Fastoci da tankoki da jawabai da gasa, duk wannan hayaniya ta roƙo, shaida ce cewa akwai wanda ake buƙatar shawo kansa. Ɗan ƙasa ake roƙo. Wanda aka mallaka kuwa, aika masa gardi ake yi. Shi ya sa babu wanda ya ɓata lokaci ya buga wa manomin Tasawa ko na Madawa kati mai gurbi 16. Ba a ci rance wurinsa ba balle a biya shi, kuma tunda a idon hukuma bai bayar ba, karɓa aka yi, babu dalilin gode masa. Mazan jiya da suka sa kaki sun samu ɗan rabo: akwai gunkin Demba da Dupont da aka kafa a Dakar a 1923, akwai na Bamako na 1924, akwai lambobin girma, ko da yake fanshonsu an daskarar da shi shekaru da dama bayan samun ƴancin kai. Matar da aka buɗe rumbunta a 1943 aka ɗebi damman da ta tanada don bazara, ita ba ta da gunki ko a Dakar. Haƙurin da ta yi irin na matar Ohayo ne, ya ma fi shi, tunda can rage cefane ne, nan kuwa kwana da yunwa.

Ga wani kulli da ban ga yadda za a kwance shi da sauƙi ba. Na ce godiya sai ga wanda ke da ikon ƙi. In haka ne, kakarmu mai rumbu ba godiya ta kamace ta ba, kuma duk wanda ya kafa mata dutse ya rubuta cewa ta ba da gudunmuwa don ƴancin duniya, ya yi mata ƙarya ta biyu bayan ta farko, ya maida ƙwace ya zama kyauta. Abin da ya kamace ta shi ne a amsa an karɓa, a faɗi nawa, a faɗi wa ya karɓa. Wannan wani irin dutse ne daban, kuma hukumomi ba su cika son sassaƙa shi ba, domin na farko yana ɗaga mai bayarwa da mai karɓa gaba ɗaya, na biyun kuwa rasit ne da aka makara ba a bayar ba.

Zancen bai tsaya a tarihi ba. A watan Oktoba na 2023 an kafa asusun taimakon juna don ceton ƙasa a nan Nijar, kuma tun farkonsa ya haɗa hanya biyu: gudunmuwar da mutum ko ƙungiya ke kaiwa da ƙafarsu, da kuma ɗan abin da ake cirewa kai tsaye, kamar dala biyu a kan kiran waya. Burkina Faso ma ta kafa irin nata asusun a wannan shekarar. Ƙasar da ke fama da ƴan bindiga a iyakokinta tana da hakkin neman taimakon ƴaƴanta, wannan ba abin musu ba ne, kuma wannan karon hukumar da ke karɓa tamu ce. Amma ranar da ƙura ta lafa, wani zai tashi ya ce a kafa abin tunawa, tambayoyin nan kuma za su taso mana kamar yadda suka taso wa wasu. Za a ambaci ɗan kasuwar da ya kai miliyon ɗari gaban kyamara, a manta da mai tallan ƙosai da aka cire wa dala biyu sau dubu? Za a kira abin da aka cire kyauta, ko za a kira shi da sunansa na haraji, wanda shi ma ba abin kunya ba ne? Wanda bai kai komai ba don bai yarda ba, ko don ba shi da shi, wane suna za a ba shi a unguwa? Matanmu sun daɗe da sanin amsar wani ɓangare na wannan: a wurin buki akwai mai riƙe da littafi, tana rubuta wadda ta kawo turmin atamfa da wadda ta kawo dala ashirin a layi ɗaya, domin kowace za a maida mata ranar nata bukin. Littafin nan ya fi maroƙi adalci, ko da yake ba shi da murya.

Game da na kakanni kuwa, aikin ba ya jiran izinin kowa. Rahotannin da kumandojin da'ira suka riƙa aikawa suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu kuma a na tsohuwar Afirka ta Yamma ta Faransa a Dakar, kuma Nasara mutum ne mai son rubuta adadi. Waɗanda suka ga shekarun 1943 da 1944 da idonsu suna yara, yau sun haura tamanin da biyar, ƴan kaɗan ne suka rage a kowane gari. Ƙungiyar al'adu ɗaya, da malamin tarihi ɗaya, da ɗaliban aji ɗaya na lise masu wayar da ke ɗaukar murya, sun isa su zagaya ƙauyukan kanto guda cikin hutun damina, su tambayi tsofaffi wace shekara aka buɗe rumbuna, dami nawa aka yanka wa gidansu, wa ya ɗauki kayan a ka zuwa bariki, kwana nawa ya yi a hanya, ya kuma komo ko bai komo ba.